Martani Ga Mai Cewa Magungunan Hawan Jinin Ido Duk Ɗaya Ne

Wani marubuci daga cikin 'yan'uwanmu ma'abota alƙalami, wanda na daɗe ina karanta shi ina ƙaruwa, ya buga maƙala kwanan baya a kan magungunan da ake ɗigawa a ido saboda ciwon nan da likitoci ke kira gilakoma, mu kuwa muke ce masa hawan jinin ido, inda ya yi da'awar cewa dukan kwalaben da ake rubuta wa marar lafiya, komai saɓanin sunayensu da farashinsu, magani ɗaya ne, aikinsa kuma bai wuce tsotse ruwan da ya yi yawa a ido ba. Bai tsaya nan ba, sai ya gina fatawa a kan wannan da'awa, ya ce talaka ya sayi mafi araha ya yawaita ɗigawa, ba abin da zai same shi, tun da abin da aka sa a ido a ido yake tsayawa. Sa'an nan ya rufe da cewa tun da ba a taɓa jin wanda ya ɗiga su ganinsa ya dawo ba, fa'idarsu ga mai kemis take, ba ga mai ciwo ba.

Ba ni da shakka a kan kyakkyawar niyyarsa, domin duk wanda ya taɓa zama a bencin asibitin ido a Kano ko Kaduna ya ga dattijo ya kwance bakin leda, ya zazzage 'yan kwalabe uku a cinyarsa, yana tambayar na kusa da shi wacce zai iya bari a wannan watan tun da fansho bai shigo ba, lalle zai fahimci abin da ya sa malaminmu ya fusata. Amma tausayi daban, hujja daban, kuma maganar da aka faɗa don tausayi idan ba ta da tushe tana iya makantar da wanda aka tausaya wa. Mas'alar ba ta warwaruwa sai an sauka zuwa ga abin da ido ba ya gani, wato ƙwayoyin halittar jiki da ƙwayoyin sinadaran da ke aiki a cikinsu, gama a can ne magungunan nan suka rabu da juna, kuma daga can ne kowace ƙa'ida ta shan su da ɗiga su ta samo asali.

Ruwan da ake magana a kansa ba hawaye ba ne, ba kuma jini ba ne. Wani ruwa ne garai-garai da ke cike da ɗan sararin da ke gaban ido, tsakanin tantanin nan mai haske na waje da gilashin da ke bayan baƙin ido, shi ne kuma ke ciyar da waɗannan sassa biyu da Allah ya halitta ba tare da jijiyar jini ba don kada su tare haske. Wata tsoka ce mai siffar zobe da ke ɓoye a bayan baƙin ido, mai ɗauke da 'yan tukkaye kamar 70, take tatso shi daga jini dare da rana. Abin da take fitarwa a minti guda bai kai kashi 1 cikin 10 na ɗigo ɗaya ba, na yini da kwana kuwa bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, amma duk da haka cikin abin da bai kai awa 2 ba ruwan ya sabunta gaba ɗaya. Mafitarsa biyu ce. Babbar tana kusurwar da baƙin ido ya haɗu da tantanin waje, inda akwai wata saƙa mai ƙananan kafofi da ruwan ke ratsawa ya faɗa magudanar da wani Bajamushe mai suna Schlemm ya siffanta a 1830, daga nan ya koma jini. Ƙaramar kuwa, wadda Anders Bill na ƙasar Suwidin ya tabbatar da ita a shekarun 1960, ita ce inda ruwan ke tsattsafowa ta tsakanin zaruruwan tsokar da ta yi shi, ya fita ta farin ido. Matsin da ke cikin idon mai lafiya galibi yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci. Ga kuwa kuskuren farko na malaminmu: a nau'in ciwon da ya fi yawa a cikinmu, ba yin ruwan ne ya ƙaru ba, mafitarsa ce ta yi tauri ta cushe. Saboda haka magani yana da ƙofa biyu, ko dai ya rage yin ruwan ko ya buɗe masa hanya, kuma a kowace ƙofa akwai wurare dabam-dabam da za a iya kamawa.

Mu fara da masu rage yin ruwan. A cikin ƙwayoyin halittar tukkayen nan akwai wani sinadari mai hanzarta aiki, irin waɗanda masana ke kira inzayim, sunansa kabonik anhaidires, wanda aka gano a jajayen ƙwayoyin jini a Kambirij a farkon shekarun 1930. A tsakiyarsa akwai wani rami, a gindin ramin akwai ƙwayar zarra ɗaya tak ta ƙarfen zinki, a kan zinkin kuma akwai ƙwayar ruwa ɗaya a maƙale. Da iskar kabon dayoksaid ta shigo ramin sai a haɗa ta da wannan ruwa a mai da su baikabonet, kuma ƙwaya ɗaya ta wannan inzayim tana iya maimaita aikin kusan sau miliyan a daƙiƙa guda, abin da ya sa ake lissafa ta cikin mafi sauri da aka sani. Ana tura baikabonet ɗin zuwa cikin ido, gishirin sodiyam ya bi shi, ruwa kuma ya bi gishiri kamar yadda ɗabi'arsa take. Maganin da ake kira asetazolamaid, wanda mutanenmu suka fi sani da Diamox, kuma Bernard Becker na Amurka ya nuna a 1954 cewa yana sauke matsin ido, abin da yake yi shi ne ya shiga ramin ya ture ƙwayar ruwan nan ya kama zinkin da kansa, aikin ya tsaya. To, amma saboda tsananin saurin inzayim ɗin, idan aka kama kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyinsa, goman da suka saura sun isa su ci gaba da yin ruwa kamar ba a yi komai ba. Sai an kama fiye da kashi 99 ake ganin tasiri. Wannan ne sababin da ya sa aka shekara 40 ana haɗiyar maganin a matsayin ƙwaya, mutane suna jure illolinsa, yatsu suna yi musu tsiriri kamar ana tsira allura, lemon kwalba yana yi musu ɗanɗanon ƙarfe a baki, wasu tsakuwa tana fito musu a ƙoda, kafin masana su ƙera dozolamaid, wanda ya shiga kasuwa a 1995 da sunan Trusopt, ta hanyar duban siffar ramin da gina ƙwayar da za ta dace da shi kuma ta iya ratsa tantanin ido. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a nan, mu da sikila ta yi yawa a cikinmu: ƙwayar Diamox tana ƙara wa jini tsami, tsamin jini kuwa yana sa jajayen ƙwayoyin mai sikila su lanƙwashe, shi ya sa likita ke tambaya kafin ya rubuta ta, tambayar da mai kemis ba zai yi ba.

Timolol kuwa, wanda shi ne mafi arahar da malaminmu yake nufi, kuma aka ba da izininsa a Amurka a 1978, ba ruwansa da zinki ko ramin zinki. Don a fahimci aikinsa sai a tuna yadda gidan Bahaushe yake. Baƙo ba ya kutsawa cikin gida, a zaure yake tsayawa ya yi sallama, yaro ya ji ya ruga ciki ya kai saƙo, sa'an nan na ciki su motsa. Haka ƙwayar halitta take: a jikin bangonta akwai makarɓan saƙo, kowanne wani dogon zare ne na furotin da ya ratsa bangon sau 7, rabinsa a waje rabinsa a ciki. Adiranalin, sinadarin nan da jiki ke fitarwa lokacin farke da kazar-kazar da firgita, yana zuwa ya zauna a makarɓin da ake kira bita, zamansa ya sauya siffar makarɓin daga ciki, wannan ya ta da wani furotin da ake yi wa laƙabi da harafin G, shi kuma ya ta da inzayim mai ƙera ɗan aiken cikin gida da ake kira cAMP, wanda Earl Sutherland ya samu lambar Nobel a 1971 saboda gano shi. Yawan wannan ɗan aike shi ke gaya wa tukkayen su ƙara tura gishiri da ruwa. Timolol ya yi kama da adiranalin gwargwadon da zai iya zama a wurinsa, amma bai yi kama da shi gwargwadon da zai sauya siffar makarɓin ba. Ya shiga zaure ya tare wurin zama, bai yi sallama ba, bai kuma bar mai sallama ya shigo ba. Yin ruwa ya ragu, matsin ido ya sauka da kamar kashi 20 zuwa 25 cikin 100.

Daga wannan bayani abubuwa biyu suke fitowa waɗanda suka rushe fatawar yawaita ɗigawa. Makarɓan nan adadi ne da su, idan ɗigo ɗaya ya cika su, na biyu da na uku ba su da wurin zama, sai dai su gangara wani wuri. Sa'an nan, da dare idan mutum ya yi barci jiki da kansa yana janye adiranalin, yin ruwan ido ya ragu da kusan rabi, saboda haka timolol ba ya samun wanda zai tare. Ƙarfinsa da rana yake, da dare kuwa kusan ba shi da tasiri, alhali jijiyar gani ba ta hutawa daga matsi don mai ita yana barci. Shi ya sa idan timolol bai isa ba likita ba ya ninka shi, sai ya haɗa shi da dozolamaid ko wani da ke kama wani wuri dabam, har ma an zuba biyun a kwalba ɗaya tun 1998. Da magani ɗaya ne kamar yadda aka yi da'awa, da haɗa su bai fi ninka ɗaya ba, alhali ma'auni ya nuna ya fi.

Sai batun cewa abin da aka sa a ido a ido yake tsayawa, wanda shi ne ya fi ba ni mamaki daga mutumin da na san ya yi zaman gaban malamai, domin fuƙaha'unmu na Malikiyya sun tattauna tun ƙarnoni da suka shige a kan mai azumin da ya sa kwalli da rana ya ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro, kuma ba za su tattauna abin da ba ya aukuwa ba. Duk wanda ya ja fatar idonsa ta ƙasa a gaban madubi zai ga wata 'yar ƙofa kamar bakin allura a gefen da ke kusa da hanci. Ta nan hawaye ke zurarewa zuwa hanci, shi ya sa mai kuka yake jan majina. Ɗigo ɗaya na kwalba ya fi abin da ido zai iya riƙewa, abin da ke ratsawa zuwa cikin ido daga gare shi galibi bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, mafi yawan sauran kuwa ta wannan ƙofa yake bi, tantanin hanci ya shanye shi kai tsaye zuwa jini ba tare da ya bi ta hanta ba, alhali hanta ce ke rage kaifin maganin da aka haɗiya. Makarɓan bita kuwa ba a ido kaɗai suke ba. Suna nan a zuciya, inda tare su ke rage bugunta, suna nan a hanyoyin numfashi, inda adiranalin ne ke riƙe su a buɗe. Mai fuka da ya bi shawarar malaminmu ya sayi timolol don araha, ya ɗiga sau huɗu don ya ga ya biya, yana iya kwana da numfashi sama-sama, kuma littattafan likitanci sun rubuta waɗanda suka rasa rai ta wannan hanya. Akwai kuma birimonidin, wanda ya fito a 1996, shi ba tarewa yake ba, sallama yake yi a wani makarɓi dabam da ake kira alfa na biyu, wanda saƙonsa shi ne a rage ɗan aiken nan cAMP. Yana da kyau ga manya, amma yana ƙetarawa zuwa ƙwaƙwalwar jarirai ya sa su barcin da numfashi ke iya tsayawa a cikinsa, don haka aka hana sa shi ga ɗan ƙasa da shekara 2. Rigakafin mafi yawan wannan kuwa ba ya cin ko kwabo: bayan an ɗiga, a rufe ido, a danne gefen da ke kusa da hanci da ɗan yatsa kamar minti 2, idan kuma kwalba biyu ce a bar minti 5 tsakaninsu don kada ta biyu ta wanke ta farko. Game da azumi, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta tafi a kan cewa ɗigon ido ba ya karya shi matuƙar an guji haɗiye abin da ya kai maƙogwaro. Hukunci na malamai ne, ni dai abin da zan ƙara shi ne mafi yawan magungunan nan ana iya tsara su tsakanin buɗa-baki da sahur, ba dalilin da zai sa a ajiye su wata guda.

Masu buɗe hanya su ne suka riga kowa zuwa, kuma na farkonsu daga ƙasarmu ya fito, ko da yake ba daga Arewa ba. A tsohuwar Kalaba, mutanen Efik suna da wani wake mai dafi da suke kira esere, wanda suke ba wanda ake zargi da maita, in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu laifi ya tabbata. 'Yan mishan na Sikotilan suka aika da shi Edinbara, inda Robert Christison ya ci wani yanki a 1855 don gwaji ya kusa sheƙawa, ɗalibansa kuma suka lura yana tsuke ƙofar hasken ido. A 1876 Ludwig Laqueur na birnin Sitirasbog, wanda shi kansa ciwon ya kama, ya yi amfani da sinadarinsa, faisostigmin, ya sauke matsin ido. Aikinsa shi ne hana rushe asetilkolin, saƙon da jijiya ke aika wa tsoka ta tsuke, sai saƙon ya taru. Kusan lokaci guda aka samu filokafin daga ganyen wata shuka ta Barazil, shi kuwa kwaikwayon saƙon yake yi kai tsaye. Tsokar nan ta bayan baƙin ido tana da jijiyar da ta ɗaure ta da saƙar magudana, in ta tsuke sai ta ja saƙar, kafofinta su buɗe. Aiki ne na ja kawai, shi ya sa yake zuwa da ciwon goshi da duhun gani da almuru, kuma sai an ɗiga sau 4 a yini; yanzu an rage amfani da shi sai a nau'in da kusurwar ido ke rufewa.

Wanda ya cancanci a daɗe a kansa shi ne latanofurost, mai sunan kasuwa Xalatan, domin shi ne malaminmu ya fi zargi da tsada, kuma shi ne ya fi kowanne ƙaryata da'awarsa. Furostagilandin wasu sinadarai ne da jiki ke yi daga kitse, kuma an daɗe ana ɗaukarsu abokan gabar ido, tun da suna fitowa a kumburi, kuma in an zuba su da yawa a idon zomo matsi hawa yake yi. Sai a 1977 Carl Camras da malaminsa Laszlo Bito na Jami'ar Kolombiya a Niyok suka nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsu sauke matsi yake yi, aka kuma shafe kusan shekara 20 ana gyaran ƙwayar tare da masanan Ufsala a Suwidin kafin ta fito a 1996. Abin da ke cikin kwalbar ma ba shi ne maganin ba tukuna. An liƙa wa ƙwayar wani ɗan reshe mai son maiƙo don ta iya ratsa tantanin ido, tana cikin ratsawa inzayim ɗin tantanin ya yanke reshen, sai a sa'an nan ta zama mai aiki. Ta isa ga tsokar bayan baƙin ido, ta zauna a makarɓinta da ake kira FP, saƙo ya tafi har cibiyar ƙwayar halitta inda kundin gado yake, aka ba da umarnin ƙera wasu inzayim masu narkar da kolajin, wato zaren da ya cike tsakanin zaruruwan tsokar. Da kolajin ya ragu sai sarari ya samu, ruwa ya riƙa fita ta ƙaramar mafitar nan ta Anders Bill fiye da da. Ashe wannan ba tsotse ruwa yake ba, ba ma rage yinsa yake ba, sake ginin hanya yake, kuma ya fi timolol ƙarfi, yana sauke matsi da kashi 25 zuwa sama da 30 cikin 100, dare da rana, da ruwan da maganin cikinsa kashi 0.005 ne kawai cikin 100.

To, a nan ne fatawar yawaita ɗigawa ta koma kishiyar abin da ake nema, domin an gwada an ga cewa ɗiga latanofurost fiye da sau ɗaya a yini rage ƙarfinsa yake yi, ba ƙarawa ba, mai yiwuwa saboda makarɓin da aka dama da kira yakan daina amsawa. Sau ɗaya ne, da dare. Kuma tun da makarɓin FP yana nan a ƙwayoyin da ke yin baƙin launi da kuma saiwar gashi, sai gashin ido ya yi tsawo ya yi kauri, fatar gefen ido ta ƙara duhu, masu ido mai gauraye launi kuma nasu ya rine zuwa ƙasa-ƙasa har abada; mu da idanunmu suka riga suka yi baƙi ba kasafai ake lura da wannan na ƙarshe ba. Har ta kai wani ɗan'uwansa, bimatofurost, an ba da izinin sayar da shi a Amurka a 2008 don tsawaita gashin ido kawai. Abin da ya kamata malaminmu ya yi ƙorafi a kai, ya kuwa tsallake, shi ne zafi: kwalbar latanofurost ta asali ana so ta zauna a firji kafin a buɗe ta, bayan buɗewa kuma kada zafi ya wuce digiri 25, sai a auna wannan da kantar kemis mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, ba wuta ba fanka.

Daga baya an samu waɗanda suka nufi asalin wurin da cutar take, wato saƙar babbar magudana, rifasudil a Japan a 2014 da netasudil a Amurka a 2017, masu hana wani inzayim da ke ɗaure zaruruwan cikin ƙwayoyin saƙar, sai su saki jiki kafofi su buɗe. Ban tsawaita ba tun da ba su isa hannun yawancinmu ba.

Mafi hatsarin abin da ke cikin maganar nan ta duk ɗaya ne shi ne ba a kan magungunan gilakoma kaɗai za ta tsaya ba idan ta shiga kunnen jama'a. A kan kantar kemis ɗin nan, gefe da gefe da timolol, akwai 'yan kwalabe masu kama da shi masu ɗauke da sitiroyid, irin su deksametazon, waɗanda uwa ke saya wa yaron da ƙaiƙayin ido ya dama lokacin hunturu da bazara, ta ɗiga, jan ya washe cikin kwana biyu, ta ce ta samu magani, ta ci gaba wata da watanni. Sitiroyid ba ya tsayawa a zaure, ratsa bango yake yi ya shiga har cibiya, umarnin da yake bayarwa a saƙar magudana kuwa kishiyar na latanofurost ne: a ƙara tara zare, a rage masu narkar da shi, ƙwayoyin su ƙara tauri. Tun a shekarun 1960 wani masani mai suna Armaly da Becker ɗin nan suka nuna cewa kamar mutum 1 cikin 3 matsin idonsa yana hawa idan ya yi makonni yana ɗiga shi, kamar 1 cikin 20 kuma hawa mai tsanani, yara sun fi manya saurin kamuwa. Ga kwalba biyu masu siffa ɗaya, ɗaya tana buɗe hanya ɗaya tana toshe ta.

Hujjarsa ta ƙarshe, cewa ba wanda ganinsa ya dawo, gaskiya ce da aka yi mata mugun ƙiyasi. Jijiyar gani ta ƙunshi zaruruwa sama da miliyan ɗaya, dukansu suna fita ta wata 'yar ƙofa mai raga a bayan ido. Matsi yana lanƙwasa ragar, ya shaƙe zaruruwan, abincin da ke kai da komo a cikinsu ya yanke, ƙwayar ta mutu, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa, domin daga jinsin ƙwaƙwalwa take. Magani ba ya tashin matattu, masu rai yake tsarewa, kuma wannan tsarewa an auna ta. A binciken da aka yi a Suwidin aka fara bugawa a 2002, kowane mataki 1 da aka sauke daga matsi ya rage hatsarin ci gaban cutar da kusan kashi 10 cikin 100; a Ingila kuma a 2015 aka buga gwajin da aka raba mutum fiye da 500 gida biyu, rabi latanofurost rabi ruwan da ba magani a ciki, cikin shekara 2 aka ga bambanci a filin ganinsu. Dalilin da ya sa mutanenmu ke ganin kamar ba ya aiki shi ne lokacin da suke zuwa. Ƙidayar makanta ta ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ta nuna gilakoma ce ta biyu bayan yanar ido wajen makantarwa, tana tare da kamar mutum 1 cikin 20 na waɗanda suka kai shekara 40, kuma cikin masu ita waɗanda suka san suna da ita ba su kai 1 cikin 10 ba, domin ba ta ciwo, daga gefe take ci, sai mutum ya fara karo da ƙofa yana tuntuɓe da buta yake neman asibiti. Yanar ido in an ɗebe ta gani yakan dawo, wannan kuwa ba haka ba ce, mutane kuma suna gwama su.

Da malaminmu ya ce ɗigon da za a saya kowane wata har ƙarshen rayuwa bai dace da aljihun manomi da ɗan fansho ba, ya nemi hukuma ta sa magungunan nan cikin inshorar lafiya ta kuma yawaita na'urorin leza da likitocin tiyata, da ni ne farkon mai sa hannu a bayansa, kuma da yana da hujja mai ƙarfi daga Afirka kanta. A asibitin Kilimanjaro da ke Moshi a Tanzaniya an gwada timolol da hasken leza da ake haska wa saƙar magudana sau ɗaya cikin 'yan mintoci, aka buga sakamakon a 2021: bayan shekara guda leza ta riƙe matsi a kusan kashi 61 cikin 100 na idanun da aka yi wa, timolol kuwa a kashi 31. Akwai kuma tiyatar buɗe sabuwar mafita a farin ido, wadda likitocinmu ke yi, mutane kuma suke gudu saboda sun ji an yi wa wane bai ga komai ba, alhali wane ya je ne bayan jijiyar ta ƙare. Dattijon da kuɗinsa bai kai kwalba uku ba, amsar tambayarsa tana wurin wanda ya auna matsin idonsa, ya leƙa jijiyarsa, ya san ko yana da fuka ko ciwon zuciya ko sikila, shi ne zai iya ce masa wacce za a bari, ko kuwa lokacin leza ko wuƙa ya yi.